Garin melamin ko garin yuriya: wanne ya kamata mai son buga faranti a arewacin Kamaru ya saya?

Ɗan kasuwar da ya taɓa leƙa masana'antar faranti a ƙasar Sin yakan dawo da tunani iri ɗaya da na waɗanda suka riga shi zuwa. Ya ga an auna wani farin gari mai laushi, an zuba a ƙarfen zubi, inji ya danne, kafin minti biyu ko uku sai ga faranti ya fito yana ƙyalli. In ba ka ɗaga ka ji rashin nauyinsa ba, sai ka rantse tangaran ne. Sai ya ce a ransa, to me zai hana a yi wannan a Garwa ko Marwa, a sayar har Kusiri da Injamena? Babu abin da zai hana. Sai dai tun kafin a kai ga maganar inji, masu sayar da garin za su ajiye maka farashi uku: A1, A3 da A5. Ido ba ya rarrabe su, hannu ma haka, kuɗin ne ya bambanta, kuma tazarar ba 'yar kaɗan ba ce. Yawancin masu shiga sana'ar a nan suke yanke shawara cikin gaggawa, alhali duk sauran lissafin a kan wannan zaɓi yake zaune.

Garin nan haɗi ne. Akwai danƙon sinadari, shi ne mai yawa, akwai kuma tataccen garin itace fari fat irin wanda ake takarda da shi, kusan kashi uku cikin goma, wanda ke hana farantin tsagewa. Sai launi, da ɗan abin da ke hana shi manne wa ƙarfe. Danƙon kuwa da fomol ake yinsa, fomol ɗin nan da asibitoci ke adana gawa da shi, a haɗa shi da ɗayan abu biyu: ko yuriya, wadda manoman auduga da masara suka sani a matsayin taki, ko melamin. Shi ma melamin daga yuriya ake samo shi, bayan an gasa ta da zafi mai tsanani a masana'anta, kuma wannan ƙarin aikin ne ya sa ya fi tsada. Wani Bajamushe mai suna Justus von Liebig ya fara haɗa shi a 1834, amma sai da aka kwashe kusan shekara ɗari kafin a fara yin danƙo da shi, kuma a shekarun 1950 ne farantansa suka cika gidajen Amurka. A bakin 'yan kasuwar Sin, A5 shi ne wanda danƙonsa duka melamin ne. A1 yuriya ce ta rinjaye shi, ko ma ita ce gaba ɗaya. A3 gauraye ne. In ka ga an rubuta melamin ɗari bisa ɗari a buhu, danƙon ake nufi, garin itacen yana nan a ciki kuma ya kamata ya kasance.

Dukansu biyun halinsu ɗaya a wuri guda: da zarar zafi ya ƙulle su sun ƙullu ke nan, kamar ƙwai da ya dahu, ba ya komawa ɗanye. Bokitin roba in ya fashe masu sayen tsofaffin robobi suna karɓa a narke a sake wani abu da shi. Farantin da ya fito da tabo daga inji ba mai narka shi, asara ce sukutum, da garin da wutar da aka ƙona. A riƙe wannan, domin zai dawo a lissafi.

Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ke riƙe fomol ɗinsa. Ƙwayar melamin zobe ce mai hannuwa shida da za ta iya kamawa da su, ta yuriya huɗu gare ta kuma ba ta da wannan zobe. Saboda haka saƙar melamin ta fi matsewa, ruwa ba ya shigarta sosai. Saƙar yuriya kuwa in ta haɗu da abu uku, ruwa da zafi da tsami, sai ta soma kwancewa a hankali, fomol ɗin da aka ɗaure ya riƙa fita. Ina zai tafi? Cikin abin da ke kwanon. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa fomol a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar tun 2004, kuma ko ba a je can ba, abu ne mai fusata ido da maƙogwaro. Masu sayar da garin da kansu sukan rubuta cewa A5 yana jure zafi har digiri 120, A1 kuwa wajen 80.

To yanzu a dubi abin da muke ci. Kunun tsamiya daga tukunya ake kwarara shi a kwano yana tururi. Koko da tsaminsa yake zuwa. Miyar yakuwa, wadda ba a kwana biyu ba a yi ta ba a gidajen Marwa da Garwa, ga tsami ga zafi ga mai. Mai shayi a tasha ruwan da ke tafasa yake zubawa, wani ya ce a matsa masa lemon tsami. A watan azumi duk waɗannan a lokaci guda suke hawa tabarma. Turawa in za su gwada faranti, ruwan tsami mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari suke zubawa, su riƙe shi a zafin digiri 70 har awa biyu, sa'an nan su auna abin da ya fita. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 10 ta 2011, da gyaran da aka yi mata a cikin 2011 ɗin, ta ce kada melamin da ke shiga abinci ya wuce miligiram 2.5 a kowane kilo, fomol kuma kada ya wuce miligiram 15. Abin da su suka ɗauka a matsayin gwaji mai tsanani, a wurinmu karin kumallo ne na kullum. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da A1 daga maganar kwanon sha da kofi.

Wani zai ce to a yi tire da shi mana, tunda tire kofuna ake ɗorawa a kai, ko dabino da goro. A takardun masu sayarwa ma haka ake rubutawa, wai A1 ya dace da abin da ba ya taɓa abinci mai zafi. Wanda ya rubuta haka bai taɓa zuwa suna ko walima a unguwanninmu ba. Babban tire a wurinmu shi ne farantin mutum biyar: a juye shinkafa daga tukunya, a kwarara miya a kai, a zauna a kewaye. Kai da ka buga shi don kofuna ba ka da iko a kan abin da uwargida za ta yi da shi ranar da baƙi suka yi yawa. Abin da ya rage wa garin yuriya na halal shi ne maɓallan riga, makunnin lantarki, murfin masai da makamantansu, kuma a nan yana aiki sosai, ba mai kushe shi. Sai dai wannan wata sana'a ce daban da wata kasuwa daban.

Dabarar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta shafe. Ana buga faranti ne hawa-hawa. A matsi na farko gari ya narke ya cika ƙarfen zubi a zafin digiri 150 zuwa 170. Sai a buɗe a shimfiɗa takardar ado mai furanni, wadda ita ma an jiƙa ta da danƙon melamin, a sake dannawa. Sai a barbaɗa garin ƙyalli, a danna na uku, shi ne ke ba da santsin nan da ke kama da tangaran. Masu sayarwa suna da garin ƙyalli na kayan yuriya, LG110, da na kayan melamin, LG220. Ma'ana, ana iya yin gangar jiki da yuriya a lulluɓe fuskar da siririn ƙyalli, ranar da yake sabo ko wanda ya buga shi sai ya duba da kyau kafin ya gane. Masu wannan dabara sukan ce ai abinci shafen yake taɓawa, ba ya kaiwa ga yuriya. Haka ne, na 'yan watanni. Ɗauki irin wannan faranti a rumfar mai abinci bayan ya sha wanki, ka karkata shi ga hasken rana. Tsakiyarsa, inda cokali ke karta, ya dushe ya zama kamar alli. Akwai siraran layuka masu launin manja da suka ƙi fita, nan ne soson ƙarfe ya yanka shafen mai ya shige. Bi bakinsa da ɗan yatsa, za ka ji kaushi, domin bayan an fitar da faranti daga inji sai an goge gefensa da dutsen wasawa, wurin bai taɓa samun shafe ba tun farko. Juya bayansa, wani lokaci ka ga ƙananan ƙuraje sun taso. A gidajen da ake wanke-wanke da toka ko yashi, abin bai kai haka daɗewa ba.

A3 kuwa, a ganina, shi ne mafi wahalar karewa a cikin ukun. Ba wani ma'auni guda da ya tsayar da yawan melamin da ke cikinsa, kowace masana'anta da nata haɗin, kuma buhun bana ba lalle ya zama irin na bara ba. Ka biya fiye da kuɗin A1, amma ba ka da bakin da za ka ce wa mai saye kayanka melamin ne. In an kai shi ɗakin gwaji yana iya tsallakewa, yana iya faɗuwa. Mai A1 aƙalla ya san abin da ya saya.

Kada wannan ya sa a ɗauka A5 tsarkakakke ne. Hukumar auna haɗari ta ƙasar Jamus ta yi gargaɗi a 2011 cewa kada a dafa ko a soya ko a ɗumama abinci a na'urar ɗumama abinci ta lantarki da kayan melamin, domin a irin wannan zafin shi ma yana sakin melamin da fomol fiye da ƙima. A wancan lokacin ta ce zuba abinci ko abin sha mai zafi a ciki ba damuwa, tunda yana hucewa ne ba ƙara zafi yake ba, amma a 2019 ta dawo ta ba da shawarar a guji hakan ma. Wani bincike da aka yi a Taiwan, aka buga a 2013, ya ba mutane miyar taliya mai zafi, wasu a kwanon melamin wasu a na tangaran, aka tarar melamin a fitsarin na farkon ya ninka na sauran sau da dama, ko da yake adadin kaɗan ne ƙwarai. Wato yana fita, sai dai in kayan na kirki ne kuma an yi amfani da shi yadda ya kamata, abin da ke fita bai kai matakin da hukumomi suka sa iyaka ba. Ludayin melamin da za a bari cikin tukunyar miya tana tafasa, wannan kam ko na A5 ne ba na ba da shawarar a buga shi, don an san inda zai ƙare. Masu jin sunan melamin su tuna madarar jarirai ta ƙasar Sin a 2008, wadda ta sa yara kusan 300,000 rashin lafiya ta kashe 6, su sani can garin sinadarin aka zuba cikin madara da gangan don a ruɗi masu auna furotin. Wannan ha'inci ne, ba ruwansa da faranti, amma ya nuna abin da melamin mai yawa ke yi wa ƙoda.

Akwai kuma abin da masu sayar da gari ba sa faɗa: gari mai kyau yana iya ba da faranti marar kyau. In ba a bar shi ya nuna sosai a cikin ƙarfen zubi ba, saƙar ba ta gama ƙulluwa ba, kuma irin wannan farantin yana sakin fomol ko da A5 ne. Abu biyu ke jawo haka, gaggawar ma'aikaci da ake biya da yawan abin da ya buga, da kuma wuta. Injin nan yana danna tan 150 zuwa sama, ƙarfensa kuma dole ya tsaya a zafi ɗaya daga safe har yamma. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma mai masana'anta ba zai zauna ba janareto ba. In wuta ta ɗauke faranti na cikin inji, wannan ya tafi. In ta dawo sai an jira ƙarfe ya sake ɗaukar zafi, kuma waɗanda aka buga kafin ya kai su ne masu haɗarin, don a ido lafiyarsu ƙalau. Mai Injamena matsalarsa ta wuta ta fi haka. Kuɗin gas ɗin janareto ɗaya ne ko yuriya ka zuba ko melamin, haka kuɗin ƙarfen zubi, haka albashi, haka haya. In ka tara duka, rarar da A1 ke ba ka a kan kowane faranti ta fi yadda take a takardar farashi ƙanƙanta.

Sai maganar da na fi so mai niyyar wannan sana'a ya tsaya a kanta, wato tafiyar garin da ajiyarsa. Garin nan rayayye ne, a ma'anar cewa aikin da zafin inji ke gamawa cikin minti biyu, zafin ɗaki ma yana yinsa a hankali. Masu yinsa sukan ce a ajiye shi wuri busasshe mai sanyi, kada ya wuce digiri 25 ko kusa da haka, kuma wa'adin da suke bayarwa daga wata shida ne zuwa shekara, na yuriya ya fi gajarta. To bi hanyar da zai biyo. Daga lardin Fujiyan ko Shandon na ƙasar Sin ya kwashe fiye da wata a teku cikin kwantena. Ya sauka Duwala, garin da iskarsa kanta jiƙaƙƙiya ce, ya jira takardun duwan, wato kwastan. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, inda layin dogo ya ƙare, ko ya biyo babbar mota tun daga tashar ruwa. Daga nan ya gangaro Garwa, Marwa, in na Cadi ne ya bi ta Mora da Dabanga zuwa Kusiri ya haye gadar Ngeli, kusan kilomita 1,800 daga bakin teku. Kafin buhu ya shiga shagonka wata biyu ko uku na wa'adinsa sun tafi. In kuwa ya iso a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Marwa da Garwa ke haura digiri 40 a inuwa, aka jibge shi a sito mai rufin kwano, to kana dafa kuɗinka ne ba tare da inji ba.

Garin da ya tsufa ba ya wari, ba ya canza launi, a inji ake gane shi. Ya daina gudu, sai ka ga faranti ya fito bakinsa bai cika ba, ko fuskarsa ta yi dabbare-dabbare. Wanda ya sha laima kuma dunƙulewa yake a buhu, in aka buga ya fito da kumfa da ƙananan ramuka, ko da ma'aikaci ya ɗan ɗaga inji tsakiyar matsi don tururi ya fita kamar yadda aka saba. A wannan fagen ma melamin ya fi yuriya haƙuri, da zafi da laima duka. Wanda ya sayi A1 don araha ya cika kwantena, yana iya tarar da kashi ɗaya cikin kayan ya mutu kafin ya kai gare shi, kuma an riga an faɗa, ba a narka shi a sake. Araha ba ta ado. Ko A5 ɗin ma, a duba ranar da aka yi shi a jikin buhu, kada a yi lissafi da ranar da ya iso. A yi odar yadda zai sauka a Nuwamba ko Disamba, a cinye shi cikin sanyin hunturu, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a ɗakin ƙasa mai kauri in akwai. Hunturun ma da nasa sharrin, ƙura ɗaya ta faɗa cikin farin gari ta zama ɗigo baƙi a tsakiyar faranti har abada, don haka ɗakin awo sai an rufe shi ruf, ɗakin inji kuma sai an buɗe masa iska saboda tururin fomol da ma'aikata ke shaƙa. Da ni ne mai zuba jarin, Gaundare zan duba kafin Garwa. Tana kan tudu sama da mita dubu, zafinta da sauƙi, ga tashar jirgin ƙasa. Damunarta ce mai tsawo, sai an kula da laima.

Lissafin gari ba wuya. Buhu kilo 25, in farantin da kake so giram 200 ne, 125 ke nan a takarda, a cire abin da ke tsiyayewa ta gefe da waɗanda suka lalace. Lissafin da ke da wuya shi ne na kasuwa, domin abokin gasarka ba maƙwabcinka ba ne, kwantenar kayan da aka gama bugawa ce daga Sin, da yawansu na yuriya, masu furanni jajaye da ruwan zinare. Hajiya ta zo haɗa kayan ɗakin 'yarta, ka ce mata, "Hajiya, wannan shi ne na ainihi, ba ya dushewa." Ta juya shi ta ce, "Alhaji, ai wancan ma ƙyallinsu ɗaya, kuma dozin biyu zan samu a kuɗin naka." Ba ta yi ƙarya ba, kuma rabin kayan jere ma ba a cin abinci a cikinsu, a kabad suke zama. A wannan rumfar mai A5 ba zai yi nasara da farashi ba. Masu sayensa su ne waɗanda farantinsu ke shiga ruwa sau goma a yini: masu abinci a tasha da bakin kasuwa, masu ba da hayar kujeru da kwanuka a biki, makarantun kwana, wuraren cin abinci na ma'aikata. Su ba furanni suke saye ba, sun san sau nawa suka sake kwanuka a shekara, kuma in ka ba su guda goma su gwada wata uku ba sai ka yi dogon bayani ba.

Ya kamata kuma a faɗi cewa akwai zaɓi na huɗu, wato kada a sayi gari sam, a shigo da farantin A5 da aka gama. A tsarin harajin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kayan da aka gama don amfanin jama'a kashi 30 cikin ɗari aka daɗe ana ɗora musu, ɗanyen kaya da injuna kashi 10, na tsaka-tsaki 20, ban da harajin TVA na kashi 19.25 a Kamaru. Wannan tazarar ita ce ke ba mai bugawa a gida wurin numfashi, kuma ya kamata mai fitar maka da kaya a duwan ya tabbatar maka ajin da garin ya faɗa kafin ka biya ko sisi. Amma farantin melamin yana shiga cikin juna, ba ya cin wuri, ba ya fashewa a ramukan hanyar Kusiri yadda tangaran na gaske ke yi, ba shi da wa'adi kuma zafin Afrilu bai dame shi ba. Wanda jarinsa bai kai na inji da janareto da ƙarfen zubi aƙalla biyu ko uku ba, domin kowane fasali da nasa ƙarfen, gara ya fara da shigo da gamammen kaya na kirki, ya san masu saye, ya ga wane girman kwano ne ke tafiya. Abin da mai bugawa a gida ya fi shi da shi shi ne fasali: kwanon kunu mai zurfi da murfi, babban tiren taro, farantin da aka sa wa sunan amarya da ango ko tambarin gidan abinci a takardar ado. Waɗannan ba a cika samunsu a kwantena yadda muke so ba.

Ko gari za ka saya ko gamammen faranti, kada ka yarda da rubutun buhu kaɗai. Nemi takardar gwajin fitar melamin da fomol daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin su SGS ko Intertek, ka duba sunan masana'anta da kwanan wata, don takarda ɗaya takan yi yawo a hannun dillalai goma. Turai ma tun 2011 ta wajabta irin wannan shaida a kan kayan kicin na melamin da ke fitowa daga Sin da Hon Kon, ba don tana zargin kowa ba sai don abin da ta sha kamawa. Sa'an nan ka yi naka gwajin. Karɓi samfur, ka fasa faranti ɗaya gida biyu don cikinsa ya bayyana, ka jefa rabi a tukunya da ruwa da tsamiya, ka bar shi ya tafasa rabin awa, ka fitar ka bushe ka jera shi da ɗayan rabin. Na melamin zai fito kusan yadda ya shiga. Na yuriya zai dushe, bakin karayar ya yi fari ya yi laushi, wani ya yi ƙuraje, in ka kai hanci kusa da tururin ka ji wani wari mai yaji. Wannan ba ya maye gurbin ɗakin gwaji, ba zai gaya maka miligiram nawa ba, kuma A3 mai melamin da yawa yana iya tsallake shi. Amma yana kama ƙaryar da ta fi yawa. Nauyi kuwa kada ka dogara da shi, ana iya ƙara wa gari abin da zai sa shi nauyi. In kai ke bugawa, wannan gwajin ya zama na kowane sabon buhu da kowace ranar da wuta ta yi wasa.

Tun lokacin da za a sassaƙa maka ƙarfen zubi, ka sa a zana haruffan MF a gindinsa, alamar melamin ke nan, yadda UF ke nufin yuriya, tare da sunan masana'antarka. Ka ƙara gajeren gargaɗi: ba a ɗora shi a wuta, ba a ɗumama abinci a ciki, ba a wanke shi da soson ƙarfe, in ya karce sosai a daina zuba abu mai zafi. A rubuta da Faransanci, in kayan za su haye zuwa Injamena a ƙara da Larabci. Zanen a jikin ƙarfe sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, in kuwa aka bari sai an gama ƙarfen an shafe shi da kurom, wato siririn shafe mai ƙyalli da ke kare ƙarfen, ƙara rubutu yana nufin sake shafen gaba ɗaya.